Waifai ɗin Malam Elnathan

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Sun amsa. Kamfanin tafintan nan na Abuja da na tura wa muryata tun kafin azumi. Suna neman mai jin Kanuri da Hausa da Turanci, wanda zai riƙa fassara tsakanin likita da marar lafiya ta intanet. Ba su tambayi takardar makaranta ba, shi ya sa ma na nema, don ni tawa makarantar a aji uku na sakandare ta tsaya. Sauran Turancin a tsofaffin littattafan da ake bazawa a bakin titi na tsince shi.

Za su gwada ni ta bidiyo ranar Alhamis 24 ga wata, bayan Azahar. Sharaɗi biyu: ɗaki shiru, da sabis da ba ya yankewa. Matar da ta rubuto ba ta ɓoye ba, ta ce wanda hotonsa ya tsaya za a tsallake shi, akwai mutane a layi.

Na gaya wa Kawu Babakura a rumfa. Bai ko ɗago daga kwalin bandar da yake ɗaurewa ba, ya ce, "To, Ba'ana, kifi zai yi kewarka." Amma ya yarda in riƙa tashi da rana in je gida in yi shiri. Na san ya ji daɗi, don har ya manta bai zagi mai keken da ya yi mana latti ba.

Tun ina ɗan saurayi nake ɗaukar kwalin kifi a Baga Road. Sabulu ma ya gaji da ni.

Talata, 8 ga Afrilu

Laftof ɗina ta hannu ce, a Kasuwar Litinin na saye ta. Waifai kuma ba nawa ba ne, na Malam Elnathan ne, malamin firamaren da ɗakunansu ke kallon nawa, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Bara ya gan ni tsaye ƙarƙashin bishiyar maina na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwan sama, sai ya zo ya karɓa ya shigar mini da lambar sirrinsu. Ban roƙa ba. A san da wannan.

Da safe da yamma kaɗai na saba hawa, kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Yau ne farkon zamana a kansa da rana. Na buɗe bidiyon koyon aikin da kamfanin ya aiko, likita ya buɗe baki ke nan sai ya daskare da bakin a buɗe. Sandunan sabis daga cike suka koma ɗaya, sai babu. Can ya dawo. Can ya tafi. Haka muka yi ta yi har La'asar.

Wayata a cikin ɗakin nan ko kira da ƙyar, balle bidiyo. Kafen intanet kuma, tsakanin janareto da ihun masu buga gem, ko kanka ba ka ji.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ya sake. Saura kaɗan in tsoma laftof ɗin a randa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Da sassafe, sabis na nan lafiya, na zauna na karanta duk abin da mutanen duniya suka rubuta a kan irin wannan ciwo. Ashe ba ni kaɗai ba ne, har masu ƙanƙara a ƙasarsu suna kuka.

Na kashe na kunna. Na goge sunan waifai ɗin na sake shigar da shi. Na sabunta 'yar manhajar da ke sa katin waifai aiki. Sannan na tono wani wuri can ciki inda laftof ke rage wa katin ƙarfi wai don tanadin batir in an ɗauke wuta. Munafuka. Na kashe mata shi.

Kawu ya riƙe ni a kasuwa, mota ta sauke kaya daga wajen tafki, sai bayan La'asar na dawo. Na kunna, bidiyo ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Ni da ban gama sakandare ba! Na fita na sayi tsire da shayi mai kauri, na zauna kan bencin mai shayi ina jin kaina. Yau ko mai babur ya taka ni zan ce masa sannu.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ƙarya ne. Daga masallaci na dawo na kunna, likita ya sake daskarewa, wannan karon da ido ɗaya a rufe.

Da safe kuwa Kaka Talatu ta kama ni. Mahaifiyar Malam ce, daga Marama aka kawo ta bayan ɓarin jikinta ya shanye. Kullum da safe ana shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin maina, in rana ta ɗaga a mayar da ita ɗaki. Ƙafa ta ƙi, amma baki na nan da ƙarfinsa. Ta maishe ni mijinta tun ranar da ta sauka.

"Maigida, ka wuce ba cefane?"

Na ce, "Ke da ba haƙori, me za ki ci?"

Ta ce, "Warin tarwaɗar da ke jikinka ma ya ishe ni in ci tuwo."

Na yi dariya, ban so ba.

Zafi ya fara gaske. Ruwan randa kamar an dafa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kai laftof ɗin wurin Manasse mai gyara a Kasuwar Litinin. Zuciyata ta ba ni laftof ɗin nan ta sha ruwan ambaliyar bara aka shanya ta aka sayar mini. Na faɗa masa haka tun kafin in zauna. Ya kwance bayanta, ya nuna mini ciki, fes, ko tsatsa babu. Ya nuna wasu siraran wayoyi guda biyu da ke tafiya daga katin zuwa murfi, ya ce su ne kunnuwanta. Ya danna su suka zauna da kyau. Ya haɗa ta da waifai ɗin shagonsa, sanduna suka cika, muka kalli rabin wasan ƙwallo ba ko tari.

Ya ce, "Oga, laftof ɗinka lafiyarta lau. Kai ne ya kamata a kwance a duba."

Duk da haka ya sayar mini da wani ɗan ƙaramin abu da ake sokawa a gefe, wai yana jawo sabis. Na dawo gida na soka. Abin da ya jawo shi ne zagin da na yi ta yi wa Manasse ni kaɗai a ɗaki.

Litinin, 14 ga Afrilu

In ba laftof ba ce, to mutum ne.

Na lura. Da safe Malam yana gida, sabis lafiya. Da yamma ya dawo, sabis lafiya. Sai tsakiyar rana, lokacin da matarsa Mama Salomi ce kaɗai da gidan. Ni ba yaro ba ne. Ko tana kashewa, ko tana rage mini, ko ta gaji da ɗan kasuwar kifi yana shan abin mijinta.

Da ya yanke yau ina tsakiyar maimaita sunayen cututtuka, sai na tsinci kaina a tsakar gida. Tana tsugune tana wanke-wanke. Na ce, "Mama, in ba a so in hau waifai ɗin nan a faɗa mini a fuska. Ba sai an riƙa kunna mini ana kashewa kamar ana wasa da kare ba."

Ta ɗago ta dube ni, hannunta duk kumfa. Ta ce, "Ba'ana, ni ka ga na yi kama da mai lokacin wannan? Tun asuba ban zauna ba."

Na ce wani abu kuma. Ba zan rubuta shi ba.

Ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Talata, 15 ga Afrilu

Malam ya yi sallama a ƙofata da yamma. Na shirya masa tsaf, na tanadi amsa ga duk abin da zai faɗa. Sai ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmi ya ce, "Ɗana, zo mu duba abin nan tare." Ya buɗe wayarsa ya nuna mini inda rauta, wato na'urar da ke raba waifai ɗin, ke nuna tun yaushe take kunne. Ba a kashe ta ba tun makon jiya, a kan batirin sola take. Ya ce tana saman kwaba a ɗakin Kaka, kusa da tagar baya, nan ne kaɗai take kama sabis daga turken kamfanin waya. Mama Salomi ko kujera ta taka hannunta ba zai kai ba.

Bai ambaci jiya ba. Da ma ya yi faɗa, da na san abin yi.

Duk amsoshina suna nan ban taɓa ko ɗaya ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na gaida Mama Salomi. Ta amsa, amma bokiti take kallo.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wallahi ina rubutawa ina dariya.

Ɗakina ya zama tanda, kwanon rufi har ƙara yake, sai na jawo tabarma bakin ƙofa na zauna da laftof a cinya. Sanduna cike. Mama Salomi ta fito da bokiti, ta tsoma wani ƙaton bargo mai kauri, ta ɗaga shi yana zuba, ta rataya a ƙofar ɗakin Kaka, ninki biyu. Ta tsoma wani ta rufe tagar da ke kallon tsakar gida. Na duba ƙasa. Sanda ɗaya. Babu.

Ban motsa ba. Na zauna ina kallon bargo ina kallon allo kamar mahaukaci. Iska mai zafi tana bugunsa, ya fara bushewa daga sama, sanda ɗaya ta leƙo. Ta biyu. Likitana ya motsa baki. Sai ga ta da kofi, ta watsa wa bargon ruwa sama da ƙasa. Likita ya mutu. Da ta ɗaga gefen bargon za ta shiga da kunu, sabis ya yi tsalle ya dawo, ta saki, ya tafi.

Bargon nan kullum ina ganinsa. Na ɗauka shanya ce! Har na taɓa cewa a raina matar nan ba ta da aiki sai wankin bargo a watan zafi. Alhali uwata ma haka take yi mana muna yara, ta jiƙa zane ta rataya a ƙofa iska ta shigo da sanyi.

Da yamma na bincika. Ashe ruwa yana shanye irin wannan sabis ɗin. Bangon bulo ya riga ya cinye rabi, ƙofa da taga ne hanyar da ya rage masa zuwa wurina, su kuma an toshe su da rigar ruwa.

Ni na gano. Ba Manasse ba, ba mutanen ƙanƙara ba.

Sai dai fa, ashe gaskiyata ce, ita ce ke yanke mini. Kuma ashe ba gaskiyata ba ce. Kai, bari kawai.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Suna hutun Ista, Malam na gida. Da suka dawo daga coci ni ma na dawo daga masallaci, na kira shi na nuna masa. Mutumin nan ya yi murna kamar an ƙara masa girma. "Salomi, ɗaga! Saki! Ɗaga!" Ita tana ɗagawa tana saki, shi yana leƙen allona yana tafa hannu, wai sai ya koya wa 'yan aji shida. Daga ciki Kaka tana ihu a bar mata ƙofarta.

Mama Salomi ta ce, ba ni take kallo ba, "Ashe dai ni ce mai wasa da karen." Na sunkuyar da kai ina gyara wayar caja da ba abin da ya same ta.

Mun gwada fito da rautar. Malam ya taka kujera ya sauko da ita, muka ja doguwar waya zuwa tsakar gida. Laftof ta kama ta da ƙarfi, amma ita rautar ta rasa turken kamfani, fitilarta ta koma ja. Muka kai ta falo, ja. Muka ɗora kan katanga, rana ta gasa ta har ta kashe kanta. Ta koma saman kwabarta.

Malam ya ce, "Abu mai sauƙi. Ranar Alhamis a sauke bargon har ka gama." Na ce to, na gode. Ya ce gobe mu gwada mu gani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun gwada. Ba bargo, ƙofa a buɗe, sabis kamar ruwan famfo. Bidiyo bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai na cire abin kunne zan sha ruwa, na ji wani sauti. Numfashi ne. Daga ɗakina nake jin numfashin tsohuwar nan, yana fita da ƙyar kamar ana jan buhu a kan siminti. Babu wuta, fankar sola iskar zafi kawai take juyawa. Ta ƙofar na hango Mama Salomi a durƙushe tana mata fifita da murfin kwali, ta jiƙa tsumma tana goga mata a wuya. Kuma ba wanda ya ce mini komai. Wai suna jira in gama.

Raina ya ɓaci. Na tashi na fizgi bargon daga kan igiya na danna a bokiti na rataya da kaina, ruwa duk ya jiƙa mini riga. Na ce, "Ku wane irin mutane ne? Za ku kashe tsohuwa saboda bidiyo?" Malam ya ce ai ni na ce to. Na ce to ɗin banza, kowa ya ce to sai a biye masa?

Da Kaka ta dawo daidai, muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida. Mama Salomi ce ta ce, "In sabis ba zai fito wurinka ba, kai ka shiga wurinsa mana."

Na ce a'a. Ni ban taɓa tsallaka ƙofarsu ba. Gardi kamata ba ya shiga ɗakin mutane da rana tsaka maigida ba ya nan, ba haka aka rene ni ba, kuma gidan haya ne, bakin mutane ba ya hutu. Malam ya ce, "Ni ne maigidan, na ce ka shiga. Ɗa ba ya neman izini." Daga bayan bargo muryar Kaka ta fito, a shaƙe amma ta fito: "Ku ƙyale shi. Miji ne mai tsoron ɗakin matarsa."

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na je rumfa da safe na zaɓi banda mafi kyau, manyan da Kawu ke ɓoyewa don masu zuwa daga Kudu. Ya ce na wa? Na ce na wata mata. Ya ce Alhamdulillahi, a ƙarshe. Ban gyara masa ba.

Na ajiye a bakin murhun Mama Salomi. Ta buɗe ledar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan na miya ne ko na bakinka?" Na ce duk biyun. Ta ce, "To na karɓi na miya. Na bakin sai na ga hali."

Da rana ta aiko mini da shinkafar Ista da cinyar kaza. Malam ya leƙo musamman ya gaya mini Malam Abdulnasir na bakin layi ne ya yanka kazar, in ci hankali kwance. Na cinye har ƙashi.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, sanyi kamar bakin rijiya, yana ƙanshin jiƙaƙƙen bargo da man zafi. Gado ɗaya, kwaba, rauta a sama tana ƙyafta koren ido. An sa mini ɗan tebur da kujera a jikin bango. Sanduna cike, ko rawa ba sa yi.

Matsala ɗaya. Kamfani ya ce ɗaki shiru. Ɗakin nan kuwa akwai Kaka a ciki.

Ta ba ni labarin gonar gyaɗarta, da akuyar da aka sace mata tun kafin a haifi Malam, da sunan wanda ya sace, da yadda ya ƙare. In Hausa ta ƙare mata sai ta zuba yarensu na Bura ta ci gaba, ko na ji ko ban ji ba. Na ce Kaka karatu nake. Ta ce, "Karanta mana, na riƙe maka baki ne?"

Talata, 22 ga Afrilu

Na ga ba za ta yi shiru ba, sai na sa ta aiki. Na ce ita ce marar lafiya, Malam likita mai Turanci, ni tafinta. Malam ya gyara tabarau ya tambaye ta ina ke mata ciwo. Ta fara daga shekarar da aka yi fara. Na katse ta na ce Kaka, ƙafa ko kai? Ta ce, "Ka ga irinta. Haka na asibiti suke, shi ya sa ban gaya musu jirin da nake ji ba." Malam ya sauke tabarau ya ce, "Wane jiri, Mama?" Ashe shi ma bai sani ba.

Muka sake. Na cije baki na bar ta ta bi ta gonar gyaɗa ta dawo. A can ƙarshen labarin ne ciwon yake. Na fassara duka, har farar.

Malam zai kai ta a duba jirin ranar Juma'a.

Laraba, 23 ga Afrilu

Mun yi ciniki da Kaka. Za ta yi shiru gobe daga sallama har sallama, ni kuma kan tarwaɗa, babba, a dafa mata shi ya yi laushi. Ta ce in ƙara da bargo sabo. Na ce auren nan ya fara yi mini tsada.

Na goge farar rigata.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Sabis bai yanke ba. Bari in fara da wannan. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

Mutum biyu ne a allo, matar da ta rubuto da wani mutum mai yin likita. Suka sa mini muryar wani dattijo yana bayanin ciwon ciki da Kanuri irin na mutanen bakin tafki, irin wanda nake ji kullum a rumfa. Ya yi ta zagaye. Na bar shi ya gama. Na juya shi Turanci, na ga matar ta gyaɗa kai tana rubutu. Daga waje ina jin Mama Salomi tana yayyafa wa bargo ruwa a hankali da hannu, don kada kofi ya yi ƙara. Kaka tana kwance ta ja mayafi har hanci, idanunta kaɗai ke yawo.

Sai aka zo na Hausa. Matar ta zama tsohuwa mai hawan jini, likita ya yi mata bayanin magani, ina juyawa. A ƙarshe ya yi mata fatan sauƙi, ni kuma na faɗa da Hausa, da murya sosai yadda aka koya mana: "Allah ya ba ki lafiya, Mama."

"Amin, maigida!"

Daga gado. Da ƙarfinta.

Allo ya yi tsit, har na duba sanduna ko sabis ne. Ba sabis ba ne. Matar ta ce, "Akwai wani a ɗakin ne?"

Da a ce makon jiya ne ban san me zai fito daga bakina ba. Na ce, "Kakata ce. Ba ta da lafiya, kuma ɗakinta ne kaɗai sabis ke tsayawa." Matar ta ce aikin nan sirrin marasa lafiya ne, ba a yin sa da kowa a kusa. Na ce na sani. Ta ce za su tuntuɓe ni. Likitan dai na ga yana danne dariya.

Na rufe laftof. Kaka ta leƙo daga mayafi ta ce, "An yi mini addu'a, in ƙi amsawa?" Sai kuma ta ce, a hankali, "Na ɓata maka ko?"

Na ce kan tarwaɗa dai an fasa. Daga baya na je na kawo.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kamfani shiru. Na koma ɗaukar kwali. An canza wa Kaka ƙwaya ɗaya, wai ita ke sa ta jiri.

Laraba, 30 ga Afrilu

Sun ɗauke ni! Na gwaji tukuna, aikin safe. Za su aiko mini da 'yar rauta tawa da eriyar da ake kafawa a waje, da sharaɗin ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. A ƙasan saƙon matar ta ƙara layi ɗaya: a gaida Kaka.

Kawu ya ce, "Wushe, wushe," sannu ta Kanuri, ya yi ta girgiza mini hannu kamar baƙo, sannan ya ce in ɗauke kwalin can tunda ban fara ba tukuna. Mama Salomi ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Kaka ta ce amin ɗinta ce ta yi aiki, a ba ta kasonta.

Asabar, 10 ga Mayu

Kayan sun iso farkon mako. Na ɗaure eriyar a kan gora na kafa ta saman rufi, Malam yana riƙe da tsani yana ba ni umarnin da ban nema ba. Na fara aiki. Jiya na fassara wa wata mata da ɗanta ke zazzaɓi, da aka gama ta yi ta sa mini albarka har likita ya tambaya me take cewa. Na rasa yadda zan juya masa duka.

Da Azahar nake tashi. In na yi salla na ci abinci, sai in ɗauki laftof in tsallaka ɗakin Kaka. Karatu kawai, ɗakin ya fi sanyi, kowa ya san haka. Yanzu ta sa dole sai na riƙa juya mata abin da nake karantawa da Hausa, kuma ba mutumin da ke cikin littafin da ta yarda da halinsa.

Yau Malam ya same ni a can, ya ce, "A'a, ɗana, naka ba ya kamawa ne?"

Na ce da rana yana ɗan yankewa.

Bai taɓa yankewa ba.